Wadda Aka Zare wa Caja a Jibiya

Zunnuraini mai rumfar caji a bakin iyaka bai san sunan matar ba, amma yau ransa a ɓace yake saboda ita. Siririya ce, gilashinta ɗaure da zare a kunne ɗaya. Batirin kwamfutar da ke cinyarta ya mutu murus, sai a jone take aiki.

Yana satar kallon allon. Shafi ne mai akwatuna a jere. Tana rubuta umarni a ɗaya, ta danna, ta jira, sannan ta sauka na ƙasa. Na farkon ne ya fi ba ta wuya, don sai ya sauko da kayan aiki daga intanet, ga sabis yana tsalle tsakanin Najeriya da Nijar. Da taswirar Bugaje da Daddara ta fito da ɗigo-ɗigo ja, sai ya raya a ransa ma'aikaciyar lafiya ce, kowane ɗigo ƙauye ne mai jiran magani.

Sai ga wani direban Maraɗi, ko sallama babu, ya zare cajarta ya soka tasa. Allon ya yi baƙi.

"Yanzun nan za ni cire, Hajiya," in ji direban.

"Kai, nan ɗakinka ne?" Zunnuraini ya fizge cajar direban ya dangwara masa.

Leɓe a cije, ta mayar da cajarta, ta take igiyar da ƙafa, ta koma akwatin farko, don duk aikin ya goge. Ƙauyukan sai su ƙara jira.