Ranar da Anti Verna Ta Juya wa Fili Baya

A garinmu, can cikin duwatsun Kentucky, in ka ce ba ka kallon ƙwallon kwando sai a tambaye ka ko lafiya. Amma ko a cikin mahaukatan kwando, Verna Stidham daban take. Yayar mahaifiyata ce, Anti Verna muke ce mata. Ta ƙare ƙarfinta tana tuƙa motar 'yan makaranta, shi ya sa muryarta ta saba da kaiwa kujerar ƙarshe. Mijinta ya rasu da ciwon huhu irin na masu haƙar kwal, ya bar ta da ɗa guda, Royce, da kujeru biyu a zauren wasan kwalejin garin. Ni na gaji kujerar marigayin.

Kullum da safe, in Dewey Combs ya buɗe layi a shirinsa na wasanni a gidan rediyo, ita ce farkon bugowa. Shi Dewey labarin ƙwararru yake so: wane ya koma ƙungiya kaza, wane ya yi wa kocinsa yaji.

"Dewey," takan ce, "attajiran nan masu gajeren wando, sun ma san da zamanka a duniya? Yau suna nan, gobe an sayar da su can. Ka ba mu labarin yaranmu mana."

"Madam Verna, ke dai ba kya gajiya."

"Na ɗauke ka a motata kana shan majina ban gaji ba, sai yanzu?"

Ba wai ita ba ta ɗan taɓa wasan sa'a ba ne. Duk watan Maris, lokacin babbar gasar kwalejoji, ita da matan cocinsu sukan canki wanda zai ɗauki kofi, wadda ta sha ƙasa ta gasa wa sauran kek. Abin da ta ƙi jini shi ne cacar da ta shigo cikin waya. A wannan cacar nasara kaɗai ba ta isa. Kamfani ne zai yanke cewa sai ƙungiya ta ci da ratar maki kaza. In ba ta kai ba, wanda ya zuba kuɗinsa ya tashi a tutar babu, ko da an yi nasara.

"Da, muna zuwa kallon yara ne," in ji ta. "Yanzu ana zuwa gadin kuɗi."

Wata Asabar da rana muka karɓi baƙuncin abokan hamayyarmu na hayin kogi. Kamfanin caca ya sa rata goma, mu kuma muna gaba da tara, lokaci ya kusa cika. Sai Tavion Maddox, wani siririn saurayi marar yawan magana da ya zo mana karatu daga Memphis, ya ƙwace ƙwallo. Ba kowa tsakaninsa da kwando. Ya waiwaya ya ga baƙin sun riga sun sallama, sai ya tsaya yana ɗan buga ƙwallon a ƙasa har aka busa tashi. Haka aka koya masa: wanda ya faɗi ba a taka shi.

Mun ci wasa, amma sai na ji ihun tir daga ɓangarenmu. Wani ya zagi uwar yaron. Kofin lemo ya wuce ta saman kaina ya faɗa gefen fili, kusa da ƙafarsa. Tavion ya tsaya sororo yana duban mutanen da suka yi ta kiran sunansa ɗazu.

Anti Verna ta miƙe ta juya wa fili baya, ta fuskanci jama'a. Ta ga hannun da ya yi jifan.

"Royce Stidham! Sauko nan!"

Royce ƙato ne mai gemu, da 'ya'yansa biyu a gida. Ya ce, "Mama, ba ki gane ba, da ya jefa ƙwallon a kwando kawai..."

"Na gane sarai! Ɗan mutane ya bar garinsu ya zo yana zubar muku da gumi, ladansa jifa da kofi? Shi ya ce ka zuba kuɗinka? Sauko ka ɗauke abin da ka jefa!"

Royce ya sauko yana ƙunƙuni, ya ɗauki kofin, ya fice bai kalli kowa ba. Ita kuwa ta ɗaga yatsa tana bin layi-layi. "Na san ku duka. Kai, Lonnie, ɓoye wayar, na gan ka!"

Ran Litinin ta buga wa Dewey. A lokacin wani kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin shirinsa.

"Dewey, mutanen da ke biyanka albashi su suka sa garin nan ya jefi ɗansa. Ka faɗa da bakinka ko in faɗa maka?"

"Madam Verna, layin ba shi da kyau..."

"Layin ƙalau yake, kai ne ba ka..."

Ƙit, aka yanke. Daga ranar ba a sake ɗaga kiranta ba.

Duk wanda ya ɗauka za ta yi shiru bai san ta ba. Ta koma gidan abincin Opal da ke bakin tasha, ta kama teburin tsakiya, kullum da safe tana nata shirin ba makirufo. Direbobi da tsofaffin ma'aikatan kwal sukan ja kujera da kofin kofi a hannu, wasu don su ji, wasu don su tsokane ta. Doka ɗaya ce: mai zama teburinta ya kife wayarsa. Da yawa suna fita suke ci gaba da cacarsu, ta kuma sani.

Royce bai daina ba shi ma. Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga gidanta har aka gama kakar wasa. Na ce ko ta kira shi, ta ce, "Ya san hanya. Ban canza makulli ba." Ranar Ista ya zo da iyalinsa, aka ci naman alade da wake, ba wanda ya tada zancen.

Da bazara labari ya zo cewa Tavion ya koma wata babbar jami'a a jihar Ohio. Lonnie ne ya kawo mata, yana murmushin mugunta.

"To, Madam Verna, ɗan naki da kika yi wa faɗa ya gudu ya bar ki."

Na ga abin ya taɓa ta, don ta daɗe tana juya cokali a kofi. Sannan ta ɗago.

"In kai aka jefa, za ka zauna? Ya tafi inda za a san darajarsa, Allah ya raka shi." Ta juyo gare ni. "Kai, ranar wasansa na farko ka cika tankin motarka. Ni zan tuƙa."