Wanda Ya Zo Neman Kaset Ranar Uku

Abokina malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. Shekarar da aka ba mu jiha ya sayi 'yar rakoda, ya ce tunda an yanke mu daga Sakkwato, ya kamata mu san asalinmu. Duk Asabar sai ya hau babur ya nufi Katuru ko Birnin Tsaba, ya zauna gaban tsofaffi yana naɗar bakinsu: wa ya fara sare daji, wace rijiya ta girmi wace. Babu wanda ya sa shi.

Bayan an ƙaddamar da shari'a ya gano wani zauren tarihi a intanet. Yakan je shagon kwamfuta a Gusau, ya buga abin da ya jiyo da yatsa ɗaya, ya aika.

A zauren akwai wani ɗan garinmu mai digiri biyu, wanda bai taɓa zama a tabarmar tsoho ba. Aikinsa kawai gyara wa abokina Turanci a bainar jama'a. Har ya taɓa rubuta cewa tarihi ba hirar 'yan kasuwar Shinkafi ba ce. Abokina ya karanta mini, ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi, ai ya ƙara mini sani." Ni ban ga abin dariya ba.

Ciwon hanta ya ɗauke abokina da damina. Ranar addu'ar uku sai ga mai digiri cikin babbar riga, turarensa ya riga shi sallama. Ya shafa fatiha a gurguje, ya matso kusa da ni.

"Malam, kaset-kaset ɗin nan fa? Kada su lalace a hannun mata. Gara a ba wanda ya san darajarsu."

Na ce, "Hirar 'yan kasuwa ce, ranka ya daɗe. Me za ka yi da ita?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya aika cikin gida. Matar marigayin ta aiko wanta da amsa: "A hwaɗa mishi mai su bai bar wasiyyar a ba shi ba."

Kafin a yi bakwai mai digiri ya cika zauren intanet ɗin da ta'aziyya. Wai shi ya ɗora marigayin a kan hanyar bincike. Ya ma kira shi ɗan Zurmi, alhali ubansa leburan jirgin ƙasa ne a Ƙaura, kowa ya sani. 'Yan zaure suka yi ta yaba masa zumunci. Na je Gusau musamman don in ba shi amsa, na zauna gaban kwamfuta, na ga bai kai a tanka masa ba, na tashi.

Da matar ta fita takaba, ta sa aka kawo mini kwalin kaset-kaset ɗin gaba ɗaya. A kaset na farko da na saka, wata tsohuwar Katuru ce ke yi wa abokina faɗa, wai ba za ta faɗi ko sunan kakanta ba sai ya shanye furar da ta dama masa. Ana jin ƙarar ludayi.