Ƙofar da Kofur Ya Tsare

Yayana Kofur ya yi shekara ashirin da biyu a soja, bai taɓa taka iyakar ƙasa da kaki a jikinsa ba. Abin haushi, a bakin iyakar aka haife mu. Ranar da zai tafi ya durƙusa gaban mahaifiyarmu ya ce, "Inna, daga yau ki yi barci har da minshari, ɗanki ne zai tsare miki ƙofa."

Ƙofar da aka ba shi ta kamfanin haƙar ma'adinai ce, tafiyar awa uku daga garinmu. Aikinsa ya ɗaga sandar ƙarfe, tireloli su wuce, ya sara wa manaja. In na tsokane shi na ce maigadi, sai ya murtuke. "Ke me kika sani? Arzikin ƙasa ma ƙasa ne." Haka aka koya musu, ya haddace kamar karatu.

Wata Laraba da hantsi 'yan bindiga suka tsallako iyaka suka afka wa garinmu. Labari ya iso ta rediyon sojoji, da kunnensa ya ji. Ya roƙi ofisansu mota ɗaya da mutum goma.

"Tirela tara ke jiran rakiya," in ji ofisa. "Koma bakin aikinka."

Ya koma ya ɗaga sanda. Tirelolin sun isa tashar jirgin ruwa lafiya lau, ko taya ba ta fashe ba. Inna kuwa maƙwabta ne suka binne ta. Har yau ban yafe ba, kuma ban san wa zan fara ƙi ba, shi ko waɗanda suka hana shi zuwa.

Da ya yi ritaya, kamfani ya aiko masa da agogon bango mai tambarinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Agogon na nan rataye a falo, ya tsaya tun bara, ya hana a sa masa batir.

Makon jiya babban ɗansa ya kawo takardar shiga soja, yana so uban ya sa hannu.

"Baba, ƙasa nake so in kare."

Kofur ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya mayar da murfin biro.

"In gadi kake so, kamfanin na ɗauka kai tsaye," ya ce. "Su ba sa sa mutum ya yi rantsuwa."