Tsuntsayen Baba a bakin Thames

Muna tsaye a bakin kogin Thames, can gaba da Dagenham, ruwa ya janye ya bar taɓo, sai Baba ya kama hannuna.

Wata biyu ke nan da zuwansa London jinya, ko magana ba ya son yi. Ina ta yi masa alkawarin kai shi bakin teku kallon ƙaton kifin nan da ake kira whale, aiki ya hana. Jiya dai na ce mu fita ko nan kusa ne, ya sha iska.

Wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ya nuna min, suna caccakar taɓo.

"Kai, ai waɗannan namu ne!" in ji shi. "Da kaka suke sauka fadamarmu ta Nguru. Kafin damina mu neme su mu rasa."

Wani dattijon Bature da ke kallonsu da madubin hangen nesa ya tabbatar min cewa idan sanyi ya matso, Afirka ta Yamma suke tafiya. Na fassara wa Baba.

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. "Ashe nan suke zuwa ci-rani, kamar ku."

Sai ya mai da idonsa kan ruwa. "Amma su duk shekara suna komawa, Sani."

Shekarata tara rabona da gida.

'Yan'uwana mazauna nan, da ku ne, me za ku ce masa?