Gwaggon da Ta Leƙa Cikin Kilarinet

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Mai kowa ya karɓi aron da ya ba mu. Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika tana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar kwana goma a asibitin da ta yi wa aiki shekara talatin da ɗaya. Ina ɗakin atisaye tare da abokan aikina 'yan badujala matata ta kira ni. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Sai haƙuri, Gwaggo lokaci ya yi."

Gwaggo, tun ranar ake ta faɗin alherinki, kowa da nasa. Ni abin da zan faɗa ya shafi numfashin da nake shaƙa yanzu haka.

Mahaifina ya ce tun kuna yara ake kiran ki Me-ya-sa, don ba a aiken ki sai kin ji dalili. Da kika girma Allah ya haɗa ki da aikin da ya dace da ke a ɗakin gwaje-gwaje, kina leƙa madubi kina neman abin da ido ba ya gani. Ritaya ba ta raba ki da halin ba. Na tuna mai gyaran wuta da ya zo ɗaura fanka, aikin minti ashirin, kika tsare shi da tambaya har ya yi azahar a gidanki, ya fito yana cewa yau ya sake zana jarrabawa.

Shekara shida da suka wuce tari ya kama ni. Sana'ata busa kilarinet, baƙar sarewar nan ta itace mai maɓallan azurfa wadda ake harhaɗawa gaɓa biyar, kuma a lokacin na shekara sha tara ina busa ta. Wata takwas tarin bai sake ni ba. Aka gwada tarin fuka sau uku ba a samu ba, aka ba ni abin shaƙa na masu asma, aka yi hoton ƙirji. Na rame har na ƙara wa bel huda biyu. A wurin aiki ba na iya riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa goma, shugabanmu ya ɗauke ni daga sahun gaba ya sa ni rabon takardun waƙa, aka fara raɗe-raɗin za a sallame ni. Ga iyali, ga shi ban iya wata sana'a ba.

Ana haka kika zo a duba miki ido, kika sauka gidanmu mako uku. Duk wanda ya zo duba ni da sunan magani yake zuwa, ke kuwa tambaya kika zo da ita. Kika zaunar da matata a kicin: yaushe tarin ke tsananta, yaushe yake lafawa? Ita ta tuna cewa da na tafi jinyar ƙanena na kwana goma sha biyu, na dawo har da kumatu, amma kwana uku da komawa aiki ciwo ya dawo sabo. Kika ce, "Da ya tafi, me ya bari a gida?" Ta lissafa takalmi, ta lissafa mota, daga ƙarshe ta nuna akwatin kilarinet ɗin da ke kan kabad.

Washegari da la'asar na ɗan taɓa busa a falo, tari ya tsayar da ni. Na ɓalle gaɓoɓin na cusa a akwati kamar yadda na saba, zan rufe kika ce in tsaya.

"Haka kake ajiye ta kullum?"

Na ce, "Gwaggo, kowa ma haka yake yi."

"Kowan shi ma yana tari? Kai yanzu cokalin da ka ci abinci da shi za ka mayar aljihu ba wanki, shekara sha tara?"

Matata ta ƙunshe dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Ba ki kula ba. Kika jawo akwatin kika sunsuna karan-miskin da ke ciki, kika yamutsa fuska. Kika ɗaga gaɓar sama kika saita ta da taga, kika rufe idon da ke ciwo kika leƙa da ɗayan, kina juya ta a hankali. Sai kika naɗa auduga a tsinke kika zura ta cikin bakin sarewar da nake sawa a bakina. Ta fito baƙa-ƙirin da ratsin kore. Kika ɗaga ta kina kallo da irin murnar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, kika ce, "Ikon Allah! Ashe gona kake nomawa a nan."

Kwana biyu ina gaishe ki a daƙile, don kin kunyata ni gaban matata. Ban taɓa neman gafararki a kan wannan ba, sai yau.

Kika sa audugar a 'yar kwalba kika kai tsohon ɗakin aikinki, wurin wata da kika koya wa aiki. Bayan mako guda sakamako ya fito: fumfuna ce. Likitan ƙirji ya ce abin ba ya faruwa da yawa amma an san shi, tururin numfashi ne ke kwanciya a cikin sarewar, a rufe ta da danshi, fumfuna ta tsiro, mai busa ya yi ta shaƙa har huhu ya fusata. Ya hana ni busa wata uku, ya ba ni magani. Kafin wata na biyu ya ƙare ina hawa bene ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

Da wani ne da ya tsaya nan, amma ke sai da kika bi ni wurin mai gyaran kayan busa, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakala mai warin gam. Yana kwance maɓallan ɗaya bayan ɗaya kina kan benci kina jero tambayoyi. Ya nuna miki 'yan matasan fata da ke ƙarƙashin maɓallan, yadda danshi ya ruɓar da su. Ya ce da an gama busa a cire harshen, wato 'yar siririyar gorar da ke ba da sauti, a goge shi a kwantar da shi kan abu shimfiɗaɗɗe ya bushe. Kowace gaɓa a zura mata tsumma mai igiya sau biyu ko uku. Kika ce me zai hana a wanke ta gaba ɗaya da ruwan zafi a huta? Mutumin ya dafe kai. Ya ce bakin kaɗai ake wankewa, da ruwa mai sanyi da ɗan sabulu, jikin itacen kuwa ruwa ya taɓa shi sai ya tsage, haka ma in aka bar ta a but ɗin mota cikin rana, abin da na shekara ina yi. Ya nuna man da ake shafa wa mahaɗar gaɓoɓin don kada a murɗa da ƙarfi, ya ce a riƙa barin akwatin a buɗe na ɗan lokaci iska ta ratsa. Da muka tashi tafiya ya ce, "Mama, in kina neman aiki, ga benci nan."

Kika yanka tsohon mayafinki na siliki kika ɗinka mini tsumma huɗu, kika naɗe 'yar dalma a ƙarshen kowace igiya don kada ta karce cikin. Sannan kika matsa sai da na kai ki ɗakin atisayenmu. Kika sa shugabanmu, mutumin da ko tari ba ma yi a gabansa, ya umarci kowa ya buɗe akwatinsa, kina bi kina sunsunawa. Aka samu biyu da suka fi nawa muni. Har yau ba mai fita daga ɗakin nan bai busar da kayansa ba.

Kuma duk wannan ba don kina son kiɗan ba. Da na koma sahun gaba na gayyace ki kallo, kika zo kika zauna har aka tashi. Na tambaye ki ya kika ji, kika ce, "Hayaniya dai ta yi hayaniya. Ni ƙirjinka nake kallo, na ga yana cika."

Ranar Litinin ta ƙarshe na same ki a gadon asibiti, murya ta yi ƙasa. Na ɗauka wasiyya za ki bar mini da kika yafito ni. Sai kika ce, "Itacen sarewar nan taka, an sare shi tun kafin a haife ka, ya mutu ke nan. To ya aka yi har yanzu yake kumbura da damina, ya tsuke da rani?" Na ce ban sani ba, amma zan tambayo. Ranar Talata na je wurin mai gyara, ya yi mini bayanin 'yan ƙananan ramukan da ke jikin itace, waɗanda ke shan danshi su saki ko bayan an sare shi. Na rubuta a takarda don kada in ɓata bayanin, na ce gobe da yamma in na zo dubiya zan karanta miki. Ban samu yammar ba.

A wurin zaman makoki na karanta wa babbar 'yarki takardar. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ka huta. Da ka kai mata, da ta sake aiken ka da wata."

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya cika shi da haske. Ya sa duk ciwon da aka gano ta hannunki ya zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki uku da jikokinki, da abokan aikinki na asibiti, da kuma mahaifina, wanda ya rasa yayar da ta goya shi. Allah ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.