Gangar Noman da Aka Wanke da Fetur

Sana'ata sayar da kayan sauti na gwanjo a Gusau: lasifika, makirfo, amfilifaya, da fiyano irin na situdiyo. Da tallan kaset na fara, ban gaji shago a wurin kowa ba. Cikin kayan nan duka, tsofaffin fiyano ne suka fi kwanta mini, masu nauyin nan masu ɗan gilashi kore a gaba. Ba tsirkiya ko ɗaya a cikinsu, lissafi kawai suke yi su fitar da murya. Muryar tasu busasshiya ce, kamar an ƙwanƙwasa tasa, amma wanda ya iya yakan yi ta murɗa ta har ta zama abin da yake so, sannan ya ajiye. Abin da ke riƙe da ajiyar wani ɗan batir ne a can ciki, mai faɗin kwabo. In ya mutu, ko aka cire shi, duk abin da aka ajiye ya tafi.

Na sayar wa wani abokina mutumin Bungudu da irin wannan. Shi ke haɗa wa mawaƙa kiɗa. Damina bayan damina yana hawa babur zuwa Karakkai duk ranar gayya, ya zauna bakin gona yana sauraren wani tsoho mai gangar noma, ya dawo ya hau murɗe-murɗe. Har ya samo muryar gangar a fiyanon, da rugugin, da ɗan karkarwar fatar bayan an buga. Tsohon da ya ji, dariya ya yi ya ce wa ya sace masa ganga. Bai daɗe ba tsohon ya rasu.

Wata rana abokina ya ce gilashin ya fara nuna batir ya yi sanyi. Muka shirya zan kawo wani fiyano irinsa da waya, mu kwashe muryoyin kafin a taɓa komai. Ciwo ya riga mu, shi ma ya rasu.

Bayan an share makoki na sami wansa, wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda kayan mamacin ke hannunsa.

"Alhaji, a ba ni aron fiyanon nan in kwashe abin da ke ciki, in dawo da shi."

"Kayan gado ne, Malam. Ko allura ba ta fita gidan ga sai an raba."

"To in kawo nawa nan zaure."

"Mata na takaba ka zo kana muna kiɗi?"

"Ba sautin da zai fito. Waya ce kawai tsakanin biyun."

"Ku 'yan kasuwa mun san ku. Ka kwashe na ciki ka bar muna fanko."

Na haɗiye wannan. Na ce to abu ɗaya nake roƙo, kada a bar kowa ya buɗe shi. Ya ce ya ji.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, mutumin da ya ce ko allura ba ta fita, shi ya ɗora fiyanon a bayan babur ya kai Tsafe. An kusa rabon gado, kuma mutanenmu sukan goge kayan mamaci kafin a kira masu kimantawa, don su yi daraja. Yana da suruki a can mai gyaran rediyo a bakin hanya. Shi kuma ya yi abin da ya saba: ya kwance, ya sa fetur da tsohon buroshi ya wanke cikin tas, ya shanya a rana. Ya ga batir ya tsufa, ya ɓamɓare ya liƙa sabo. Ban cika ganin laifinsa ba. Rediyo ba ta ajiye komai, kuma ba wanda ya gaya masa. Wanda aka gaya wa yana tsaye a kansa.

Ni suka kira in kimanta. Na tarar da fiyanon a zaure a kan tabarma yana ƙyalli, warin fetur bai gama fita ba.

"Ka ga yadda ya koma sabo?" in ji Alhaji. "Har batir anka sa mishi, kyauta."

Na kunna. Na danna inda gangar take, sai wani siririn ƙara ya fito kamar na agogon hannu. Na bi sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya, inda sarewa take, inda kalangu yake. Duk ƙara ɗaya.

Matar mamacin ta fita takaba a lokacin, tana tsaye bayan labulen zaure. Ta ce, "Malam, don Allah a ɗan kaɗa mani gangar nan tasa in ji."

Na ce, "Hajiya, babu ita."

Alhaji ya ce, "To maido ta mana. Ba kai ne gwanin ba?"

"Mai gangar ya rasu, Alhaji. Wanda ya saurare shi ma ya rasu. Wa zan tambaya?"

Na faɗi kimar fiyanon tsakani da Allah, kimar kowane fiyano irinsa, don abin da ya rage ke nan. Alhaji ya ce in ina so in saya. Na sa takalmina na ce ya kai wa surukinsa na Tsafe ya saya.