Uwa da 'Ya a Ɗakin Awo

Mai Keke ake ce mata, don tun tana budurwa take kan keken ɗinki. Rabin matan layinsu ita ta ɗinka musu rigunan goyon ciki, kuma bakinta bai bar kowa ba. Da ta zagaya tef a ƙugun mace sai ka ji, "Iye, har an samu ke nan?"

To, yau ga ta tana farke rigunanta a ɓoye tana ƙara musu faɗi. Shekararta arba'in da huɗu. Babbar 'yarta na da cikin wata uku, ita ma haka. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, ko maigidan ba ta iya faɗa wa ba.

Ranar da 'yar za ta fara awo, ita ta raka ta asibiti. Ta raɓe a gefe, ta rungume jaka a ciki. Nas ta gwada jinin 'yar, sannan ta tambaya ko a danginsu an taɓa yin hawan jini ko jijjiga da ciki.

"Umma ta yi, a haihuwata," in ji 'yar. "Da ƙyar ta sha."

"Shi ya sa muke so a zo da wuri," in ji nas. "In an gano mai haɗarin tun cikin yana ƙarami, akwai ƙwayar da za ta riƙa sha kullum." Ta dubi Mai Keke da dariya. "Ke dai Mama kin huta. Da ke ce da cikin, a shekarunki, ga wancan tarihi, wallahi ba ki fita ɗakin nan sai na duba ki."

Mai Keke ta yi dariyar yaƙe, ta miƙe. Har ta kama ƙofa sai ta tuno autarta, wadda ko maɓallin riga ba ta iya sa wa kanta ba. In cikin nan ya tafi da ita, wa zai riƙe yarinyar? Ta dawo kanta a sunkuye, ta naɗe hannun riga, ta miƙa damtsenta.

"Umma, lafiya?" in ji 'yar.

Nas ta daina dariya. "Wata nawa, Mama?"

Mai Keke ba ta iya ɗaga ido ba. Da haɓa ta nuna 'yarta.

"Kamar nata."

'Yar ta toshe baki da tafin hannu. Can ta tashi daga kujerar, ta karɓi jakar, ta ce, "Zauna, Umma. Ke za a fara dubawa."